A MAKARANTAR 'YATA NI MAI RAINO CE

Shafi na 11

Saura kaɗan da ba ku ga wannan shafin ba. Na buɗe waya na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa, har na ce a raina a bar shi kawai, masu bibiya su ɗauka labarin ya ƙare a na goma. Kunya ce ta riƙe min hannu. Amma na ga saƙonninku, har wata baiwar Allah ta ce garin duba waya shinkafarta ta kama. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ga shi na kawo.

Waɗanda suka shigo yanzu, 'yata ɗaya ce, shekararta tara. Mitsi muke ce mata, don a mitsitsiya aka haife ta. Babanta injiniya ne, shi ya sa ta a makarantar kuɗin nan da malamanta suka fito daga ƙasashe daban-daban, inda yara ke sa kwat, suna rubutu da alƙalamin tawada, kuma ba a jin komai a ciki sai Turanci. Ni kuwa a firamare karatuna ya tsaya. Hausar nan da nake rubuta muku ita ce iyakata.

A shafin baya na gaya muku abin da direbanmu ya ba ni labari. Duk shekara, yaran da za su tashi daga ƙaramin sashe zuwa babba ana tara su a babban zaure gaban iyaye da malamai. A kira sunan yaro, uwarsa ta hau dandamali ta ɗaura masa laktaye a wuya. Ba uba ba, ba malama ba, uwa. Kuma ba irin na roba da ake maƙalawa ba, na gaske wanda ake ƙullawa da hannu.

Bana Mitsi na ciki.

Kun san yadda na yi ta zuwa wajen telan bakin layinmu a ɓoye yana koya min, yana min tsiya wai ƙullina kamar na ɗaure akuya. Kun san yadda na mai da wuyan fankar ɗakina wuyan Mitsi har hannuna ya saba. So nake in ba ta mamaki, ita da babanta. Ba a ce in yi magana a kan dandamalin ba, ɗauri ne kawai. Na ce wannan kam zan iya.

To ga abin da ya faru.

Ranar motar ta ƙi tashi, direba ya tafi neman makanike, sai na tari tasi na tafi ɗauko Mitsi daga makaranta. Ba ranar na fara zuwa ba. Duk sanda na je, a bencin da ke ƙarƙashin bishiya daga gefen get nake zama, don tun farko haka Baban Mitsi ya ce min: "Ki zauna a nan za a kawo miki ita, ba sai kin shiga sun dame ki da Turanci ba." Ni kuwa abin ya min daɗi. Na ɗauka bencin na duk wanda bai zo da motarsa ba ne.

A bencin na saba da wata dattijuwa, Iya muke ce mata. Ta daɗe tana raino a gidajen manya, ta tsinci Turanci a bakin yara. Baki gare ta kamar rediyo.

"A'a, 'yar shiru-shiru, yau ke ce da kanki? Matso nan, rana na dukanki."

Na gaishe ta na zauna. Tana ba ni labarin yaron da take raino, wai ya ce mata hancinta ya yi kama da buta, sai aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka fito a layi, kowa da jakarsa a baya, ba mai gudu ba mai ihu.

Na hango Mitsi. Amma yau ba ita kaɗai ba ce. Malamar ajinsu, wata doguwa mai gajeren gashi, tana riƙe da hannunta, kuma wajena suka nufo.

Na miƙe ina gyara mayafi.

Malamar ta yi min murmushi ta fara magana. Ta yi ta yi, tana nuna wuyanta, tana nuna zauren. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar ina ji. Na kalli Mitsi ko za ta taimake ni, na ga ta kafe takalminta da ido.

Iya ta taso.

"Ke ba kya ji ko? Cewa take ranar Juma'a akwai gwajin ɗaurin laktaye, iyaye mata duk su zo a gwada kafin ranar taro."

Na ji daɗi har bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Iya ki ce mata na iya. Na koya."

Iya ta kwashe da dariya ta dake ni a kafaɗa.

"Ji 'yar nan! Ke wa ya sa ki? Mu masu raino ko ƙofar zauren ba ma kaiwa. Cewa ta yi ki tuna wa uwar ɗakinki, wai ta aika mata saƙo ba ta amsa ba."

"Wace uwar ɗakina?"

"Mamar yarinyar mana. Lauyar nan mai jar mota."

Lauya mai jar mota ɗaya na sani a duniya. Yayar mijina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gwaggon Mitsi.

Na so in ce wani abu. Wallahi na so. Bakina ya buɗe, amma malamar tana tsaye tana jira da murmushinta, Iya tana kallona, sauran matan bencin sun juyo. Kun san me na yi?

Na gyaɗa kai.

Na ce, "To, zan gaya mata."

Malamar ta shafa kan Mitsi ta juya. Iya ta ce in gaishe da uwar ɗakin nawa, wai mace ce mai kirki, ba ta wulaƙanta masu aiki.

Muka shiga tasi. Mitsi ta manne da ƙofa ta can, ni ta nan, jakarta a tsakaninmu. Mai tasi ya yi ta surutu a kan tsadar mai har ya gaji ya kunna rediyo.

Da muka shiga gida ta wuce ɗakinta da sauri. Na bi ta. Na same ta zaune a bakin gado ta cire safa ɗaya, ɗayar tana ƙafarta.

"Mitsi."

"Na'am Umma."

"A makaranta me kike ce wa Gwaggonki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba dukanki zan yi ba. Na taɓa dukanki?"

Ta girgiza kai.

"To gaya min."

"Mami."

"Ni fa?"

"Ke ba na ce miki komai. In sun tambaye ni sai in yi kamar ban ji ba."

"Amma sun ce mai rainonki ce ni."

"Ba ni na faɗa ba Umma, wallahi ba ni ba ce. Abba ne ya gaya wa maigadi tun ina aji ɗaya. Ya ce in na faɗi gaskiya za a kore ni, kuma ke za ki ji kunya a gabansu."

Tun tana aji ɗaya. Na zauna a ƙasa.

Sai abubuwa suka fara dawo min. Ciwon cikin da take yi duk ranar da aka ce akwai taron iyaye. Mun kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Farcen da take ci har ya yi jini. Yadda ta daina kawo ƙawayenta gida, ta ce wai gidajensu da nisa. Ni ina ta dafa mata ruwan zafi ina shafa mata ciki.

Ta sauko daga gadon ta durƙusa a gabana.

"Umma akwai wani abu kuma."

"Ina ji."

"Ranar taron, bayan an gama ɗauri, ana zaɓar yaro ɗaya ya karanta alkawarin makaranta, sauran su maimaita. Ni aka zaɓa. Malama ta ce don ban taɓa samun baƙin maki ba."

"Me alkawarin ya ce?"

Ta faɗe shi da Turanci a hankali, sannan ta juya min shi.

"Ba zan yi ƙarya ba. Ba zan ɗauki abin da ba nawa ba. Ba zan rufa wa mai ƙarya ba."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Umma, in na karanta shi Gwaggo tana tsaye a bayana, Allah zai kama ni?"

Na jawo ta na rungume, na ji yadda ƙirjinta ke bugawa. Na cire mata ɗaya safar na ce ta je ta yi wanka.

Da yamma Baban Mitsi ya dawo. Tun daga ƙofa yake kira kamar kullum.

"Maman Mitsi! A taimaka da ruwa, yau rana ta gasa mu a wajen aiki."

Na kawo ruwan na ajiye a gabansa. Ban zauna ba.

"Lafiya? Kin tsaya min a ka kamar ɗan sanda."

"Me ka kira ni yanzu?"

"Me na kira ki? Maman Mitsi mana."

"A gida ke nan. A makaranta fa?"

Kofin ya tsaya a hanya bai kai bakinsa ba. Ya ajiye shi a hankali.

"Wa ya gaya miki?"

"Malamarsu ce ta aike ni wajen uwar ɗakina."

Ni kaina na yi mamakin muryata. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsayawa na masa magana ido cikin ido ba. Ya shafa kansa, ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Ki zauna mu yi magana."

"A nan ma ina ji."

"Ba yadda kike tunani ba ne. Makarantar nan ba kuɗi kawai suke dubawa ba, masu kuɗi nawa suka mayar? Sai sun yi wa iyaye intabiyu. Na je ni kaɗai suka ce sai na kawo uwa. Littafin yara suke ba uwar ta karanta a gabansu, su tambaye ta me ta fahimta, don wai ita ke zama da yaro kan aikin gida. Me kike so in yi? In kai ki su miƙo miki littafi?"

"Da ka gaya min."

"In gaya miki ki yi me? Ke da ko waya aka kira aka fara Turanci sai ki miƙo min kamar ta ƙone ki? Duk sanda na ce akwai taro ba sai kin je ba, ba hamdala kike yi ba?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Amma na ce, "Na ɗauka kai kaɗai kake zuwa."

"Rufa miki asiri na yi."

"Ka ce musu 'yar aiki ce ni."

"Mai raino na ce. Dole a san fuskar duk mai ɗaukar yaro, me zan ce musu? Mata biyu gare ni?"

Ya ɗauki waya ya fita baranda. Na ji yana cewa, "Yaya ki zo, abin nan ya fashe."

Ba a daɗe ba jar motar ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ta shigo da baƙin kwat ɗinta na kotu, takalmi a hannu don ƙafarta na kumbura in ta wuni a tsaye. Mace ce da ban taɓa jin haushinta ba. Ita ta kwana da ni a asibiti da zan haifi Mitsi. Shi ya sa da na gan ta abin ya fi min ciwo.

Ba ta ko kalle shi ba, wajena ta zo.

"Ƙanwata."

Na sunkuyar da kai. "Sannu da zuwa Yaya."

"Bar sannu da zuwan nan. Zage ni in kina so, na cancanta." Sai ta juya kansa. "Kai kuma babban kai, ban gaya maka ranar nan tana zuwa ba? Ka ce min sau ɗaya ne, intabiyu kawai. Daga intabiyu sai taron iyaye, daga taron iyaye sai wasan guje-guje, ni da gwiwar nan aka sa ni tseren iyaye mata da cokali a baki!"

"Yaya ba lokacin wasa ba ne."

"Da kai nake wasa? Na zo ta ƙarshe, yarinya ta yi kuka!"

Ni ban san ma an yi wani tsere ba. Na tuna ranar dai, Mitsi ta dawo ido jawur ta ce ƙasa ce ta shiga mata.

Na ce, "Yaya, ke ma ba ki gaya min ba."

Ta zauna a hannun kujera ta sauke numfashi.

"Sau nawa na zo da niyya. In na shigo na gan ki kina guge mata yunifom kina waƙa sai bakina ya mutu. Na ce bari ta ƙara girma, bari a ƙare wannan zangon. Ba ni da hujja ƙanwata. Kullum ina tsayawa gaban alƙali da hujja, yau ba ni da ita."

Baban Mitsi ya ce, "To yanzu dai an sani, shi ke nan. A wuce taron nan lafiya, daga baya a san abin yi."

Na ce, "Ni zan ɗaura mata."

Suka kalle ni su biyun.

"Me?"

"Laktayen. Ni zan ɗaura wa 'yata. Na iya."

"Kin iya? A ina?"

Na shiga ɗaki na kwance shi daga wuyan fanka na kawo. Shuɗi ne mai ratsin fari, wanda ya sayo ya ɓoye a ƙasan durowa, na ɗauka mantawa ya yi bai nuna min ba. Na ɗora shi a wuyana, na zagaya, na zura, na ja. Ƙullin ya zauna daidai, ba karkace ba tudu.

Sai na ga fuskar Baban Mitsi ta saki, har da ɗan murmushi, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Kai, alhamdulillahi! Ai an huta. Yaya dama ba ta iya ba, shi ya sa take ta gudun saƙon malamar. Maman Mitsi, ki koya mata kafin Juma'a."

Ban san ko ya ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Ina jin bai ji ba. Mijina ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in sun ga matsala sai su nemi inda za a ɗaure ta da waya a wuce.

Yaya ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Wa ya raine ka?"

"Me na ce kuma?"

Ni kuwa, ku yi min dariya in kuna so, na kwance laktayen na taka har gaban Yaya. Haka aka yi ni, in aka ce yi sai jikina ya fara kafin zuciyata ta yarda. Na ɗaga kwalar rigarta na ɗora mata shi.

"Wannan ɓangaren mai faɗi shi ne dogo. Sai ki ɗora shi a kan siririn, ki zagayo ta ƙasa..."

Hawaye ya ɗiga a kan kwat ɗinta. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam.

"Tsaya. Ya isa."

Ta cire laktayen ta naɗe ta sa min a tafin hannu ta rufe da nata.

"Saurare ni da kyau, ba zan ɓoye miki komai ba kuma. In kika je kika ce ke ce uwarta, ba zan ƙaryata ki ba, ko a gaban wa. Amma ki san wace ce shugabar makarantar nan. Tsohuwa ce da ba ta san alfarma ba. Bara wasu sun rage wa ɗansu shekaru don ya shiga ajin da suke so. Da ta gano, ranar ta sallame shi, ana tsakiyar zango. Uban ya zo da manyan mutane, ta bar su tsaye a waje. A wajenta ƙaryar iyaye a intabiyu ta fi komai muni. Ta ce in gida ya fara da ƙarya ita ba abin da za ta koya wa yaro."

Baban Mitsi ya karɓe. "Kin ji ko? Yarinya ce ta ɗaya a ajinsu. Lissafi, tarihi, har tsohon yaren nan da suke koya musu, ba mai kamo ta. Daga makarantar nan duk jami'ar da take so a duniya za ta shiga. Za ki rushe mata wannan saboda ɗaurin tsumma na minti biyu?"

"Ba saboda ɗauri ba ne."

"To saboda me?"

"Ta tambaye ni ko Allah zai kama ta."

"Wa?"

"'Yarka. Ita za ta karanta alkawarin rashin ƙarya a gaban kowa. Ciwon cikin nan da muke ta kai ta asibiti, ka taɓa lura da ranakun da yake tashi?"

Yaya ta dafe goshi.

Can ya ce, a hankali, "Yara suna mantawa. Za ta girma ta gane don ita aka yi." Ya matso kusa da ni. "Ke kin san abin da rashin karatu ya miki. Kin fi kowa sani. Kina so ta zauna a benci ita ma?"

Wannan ita ce maganar da ta fi duka. Na wuce kicin na zuba abinci, don ko me ake ciki sai an ci.

Mitsi ta zo tebur ta zauna tsakanin Gwaggonta da babanta. Ta ji komai, gidan ba shi da girman da za a ɓoye murya. Ta kai cokali biyu, na uku ta tashi da gudu ta yi banɗaki. Na bi ta na riƙe mata goshi tana amai. Da ta gama ta ce min, "Umma yi haƙuri." Ita ke ba ni haƙuri.

Yaya ta tafi ba ta ci ba. A bakin ƙofa ta ce min, "Duk abin da kika yanke, ki kira ni." Baban Mitsi kuwa ya ce in yi tunani da hankali, kar in yi abin da zan zo ina da na sani.

Na yi tunanin. Na auna ta nan na auna ta can. In na yi shiru 'yata za ta yi karatun da ban samu ba, tana amai. In na yi magana wataƙila ta dawo gida ta zauna tana kallona, wata rana ta ce ni na jawo mata. Ba wanda ya min daɗi a ciki.

Da safe Baban Mitsi ya fita da wuri, suna da zubin kankare. An gyara mota. Na shirya Mitsi, na taje mata kai, na sa mata kwat. Sannan na shiga ɗaki na sa kayana mafi kyau, na fito na buɗe motar na zauna kusa da ita.

Direba ya leƙo ta madubi. "Hajiya, kasuwa za a sauke ki?"

"Makaranta."

Mitsi ta juyo ta kalle ni.

Da muka isa na nufi benci, don na san Iya ba ta tafiya sai ta huta ta sha labari. Na ja ta gefe na gaya mata a taƙaice. Ta dafe ƙirji.

"Ke ce kika haife ta? Innalillahi! Ni da bakin nan nawa, Allah ya shirye ni. Yafe min 'yar nan."

"Ba komai Iya. So nake ki raka ni wajen shugaba ki juya min magana."

Ta ja da baya har tana tuntuɓe.

"Wa? Ni? Rufa min asiri! Gidan da nake aiki ƙawayen shugabar makarantar nan ne, in aka ji da bakina aka kori yarinya ina zan sa kaina? Marayu nake ciyarwa. Ki nemi wani."

Ba wani. Maigadi ba ya jin Hausa, direba ya juya da mota.

A makarantar, kowace safiya shugaba tana tsayawa a ƙofar babban zaure, yara su yi layi, kowa ya miƙa mata hannu ya kalle ta cikin ido ya gaishe ta kafin ya wuce. Daga get ina hango ta, gajeriyar tsohuwa mai farin gashi da gilashi, tsaye ƙyam kamar an dasa ta.

Na durƙusa daidai tsawon Mitsi.

"Zan gaya mata gaskiya. Amma bakina ba zai kai ba sai da naki. In ba kya so, ki ce min, in koma benci, kuma ba zan taɓa riƙe ki da shi ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai kama hannuna.

Maigadi ya tare ni yana nuna min benci. Mitsi ta ce masa wani abu gajere, ya yi jim, ya matsa.

Na shiga layin yara, ni kaɗai ce babba, kowa na kallona. Layin na tafiya, muna bi. Har muka iso.

Shugaba ta miƙo wa Mitsi hannu, sannan ta ɗago ta kalle ni ta saman gilashi. Na yi mata gaisuwar safe da Turanci, ita kaɗai na iya. Ta amsa tana jira.

Na ce, "Mitsi, gaya mata ni na haife ki. Gaya mata ban iya karanta littafinsu ba, shi ya sa aka kawo wata. Ki ce laifin manya ne, ba naki ba."

Mitsi ta kalle ni. Ta kalli tsohuwar.

Sai ta fara magana.

Ta yi ta magana, ta wuce tsawon abin da na faɗa, ta ninka shi, ba ta tsaya ba. Hawaye na zuba tana sharewa da hannun kwat tana ci gaba. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Ban sani ba ko saƙona take bayarwa, ko wani labarin take shirya mata don ta tsira.

Da ta yi shiru, shugaba ta cire gilashinta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta kira wata malama ta tsaya a madadinta, abin da na ga ya sa yaran kallon juna. Sannan ta nuna mana wata ƙofa a ƙarshen baranda, ta wuce gaba ba ta waiwayo ba.

Na sunkuya na ce, "Mitsi, me kika gaya mata?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ƙara damƙe hannuna, ta ja ni muka bi bayan tsohuwar.